Kafin Matasan Coci Su Tsallaka Nijar

Duk lokacin da aka yi hutun makarantu, ikilisiyoyi a Kano, Zariya, Jos da Katsina kan tara matasansu da ma'aikatan jinya domin su je aikin sa kai na mako ɗaya ko biyu a Jamhuriyar Nijar. Wasu sukan taimaka a asibiti, wasu su koyar da yara, wasu su yi aikin gini. Wannan zumunci ya daɗe, domin tun 1924 ƙungiyar mishan ta SIM ta sauka a Damagaram, kuma asibitin da ta buɗe a Galmi a 1950 har yau yana karɓar marasa lafiya, cikinsu har da 'yan Najeriya masu bi ta Illela da Birnin Ƙonni. Ba mu da ja da niyyar masu tafiya. Abin da ya dame mu shi ne irin shirin da ake yi kafin a hau mota.

Da yawa suna ɗauka cewa tunda Hausa ake yi a Maradi kamar yadda ake yi a Katsina, to Nijar unguwa ce ta bayan gida. Alhali kuwa ƙasa ce mai dokokinta, kuma al'amura sun canza tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. An rufe iyaka na tsawon watanni kafin a buɗe ta a Maris na 2024, sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Saboda haka duk shugaban tawagar da ya dogara ga saba idon jami'an Jibiya ko Kwangwalam, ya jefa yaran mutane cikin kasada. Kowane matafiyi ya riƙe fasfonsa na ƙasa da ƙasa, da katin rigakafin shawara, da takardar gayyata daga ikilisiyar da za ta sauke su, a canza naira zuwa saifa tun daga gida. In tafiyar ta faɗo cikin bazara, a tuna lokacin sanƙarau ne.

Batun tsaro kuma bai kamata a ɓoye wa iyaye ba. A Oktoban 2016 an sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji na Kirista a Abalak, bai kuɓuta ba sai a Maris na 2023. A Satumbar 2018 an ɗauke wani limamin Katolika ɗan Italiya a Bomoanga, ya shafe shekara biyu a hannu. Hanyar Katsina zuwa Jibiya ma ta sha fama da 'yan bindiga. A yi tafiya da rana, a kuma sanar da hukuma inda za a sauka.

To amma babban abin da muke so shugabannin ikilisiya su sa a zuciya shi ne halin da masu masauki ke ciki. A ƙidayar 2012, Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Mutane ne da ke zaune lafiya da maƙwabtansu Musulmi, suna cin kasuwa ɗaya, suna halartar suna da jana'izar juna, kuma wannan amana ce da aka ɗauki shekaru ana ginawa. Sun kuma ga yadda take iya rushewa cikin kwana biyu. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da wata mujalla ta buga can a Faransa, an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu. Waɗanda abin ya shafa ba su ne suka yi zanen ba. Baƙon da ya zo da lasifika ya kafa a bakin kasuwa, ko ya haɗa rabon magani da matsa wa mutum ya sauya addini, zai koma gida ranar Lahadi, sai ya bar faston garin da amsa tambayoyin mai gari da na jandarma. A ganinmu, ikilisiyar da ke can ita ce ke da ikon cewa a zo ko kada a zo, ita za ta faɗi aikin da ake bukata, kuma ita za ta kai baƙi gaisuwa wurin hakimi da limamin gari kafin a taɓa komai. Ɗaukar hoton marasa lafiya da yara ana watsawa a Facebook don a burge masu ba da gudummawa ma ya kamata a hana shi tun a taron shiri.

Akwai kuma lissafin kuɗi, wanda ba a cika son a yi shi a fili ba. Idan mutum 20 za su kashe kuɗin mota da abinci domin su shafa fenti a ajin makaranta, alhali akwai masu fenti a garin da ke neman aiki, gara a aika kuɗin, mutum uku su je su gano. Magunguna kuwa kada a kwaso su barkatai, musamman waɗanda wa'adinsu ya kusa ƙarewa. A fara tambayar asibitin abin da yake so, a kuma nemi izinin hukumomin lafiya na Nijar kafin kayan su iso bakin iyaka.