Wasiƙa ga masu kiɗan ƙwarya na Gusau, Tsafe da Bungudu

Wannan wasiƙa ta zabiyoyi ce da 'yan amshinsu, da 'yan amada, da duk macen da ke kife ƙwarya a gidan biki ko na suna. Roƙo ne ake yi wa iyaye mata: kada su saki kayan kiɗan da suka gada, kada kuma su bar waƙa tana yawo ba sunan mai ita.

Zamfara dai ba a yi mata gorin makaɗa. A Rawayya ta ƙasar Bungudu aka haifi Salihu Jankiɗi, wanda ya kai ga yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku kiɗa a fada. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru, kowanne an san garinsa, an san ubangidansa. Amma a tambayi wadda ta tsara waƙar daka ko ta kai amarya da ake rerawa a Tsafe, sai a ce ai ta gargajiya ce. Alhali wata ce ta fara ɗora ta, mai suna, mai gari.

Turai ma ta taɓa yin wannan sakaci. Barbara Strozzi ta birnin Banis a Italiya, wadda ta rayu daga 1619 zuwa 1677, ta buga kundi takwas na waƙoƙinta. Isabella Leonarda, mai zaman zuhudu a Novara, ta fitar da kundin kiɗa zalla a 1693, tana da shekara saba'in da 'yan kai. A Faransa, Élisabeth Jacquet de La Guerre tun tana yarinya take kiɗa gaban Sarki Luwi na 14. Da yawa daga cikin aikinsu na cikin ɗaki ne, na mutum uku ko huɗu, kamar yadda amada ta faro a tsakar gida tsakanin mata. Bayan rasuwarsu aka manta da su shekaru aru-aru. Abin da ya cece su a ƙarni na 20 shi ne sunayensu na nan a kan takardun. Masu farfaɗo da kiɗan kuma suka koma ga kayan wancan zamani: goge mai tsirkiyar hanjin tumaki, da hafsikod, wanda tsinkar waya yake yi maimakon dukanta irin na fiyano, don amonsu ba ya danne muryar mai waƙa.

Mai kiɗan ruwa ta fi kowa sanin wannan. Idan ta kife masaki a kan ruwa, iskar da ta rage a ƙarƙashinsa ita ke yanka amo. Sai ta ɗan karkata shi, ta sassauta iskar, ta ƙwanƙwasa, ta saurara, har ya zo daidai da maƙogwaron zabiya. Mai shantu kuma tana buga bakinsa a cinya, tafin hannunta na buɗe ɗaya bakin yana rufewa. Fiyanon situdiyo na iya kwaikwayon ƙarar, amma ba ya jiran zabiya ta ja numfashi, ba ya sauka idan 'yan amshi sun sauka. Saboda haka ƙwaryar da ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, kada a yi saurin musanya ta da bahon roba.

Ga misali nan kusa, a hanyar da ta bi ta Tsafe zuwa Funtuwa. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa ta ɗauki ƙwarya daga cikin gida ta kai ta manyan taruka, ba ta sauya ta ba har ta rasu a 2013. Ita da Uwaliya Mai Amada ta Kano ana tuna su ne domin kasa-kasai sun fita da sunayensu.

Yau wayar hannu ta wadatar wajen ɗaukar waƙa. Kafin a ɗora waƙa, zabiya ta faɗi sunanta da garinta, da wadda ta koya mata, da wadda ta tsara waƙar in an sani. A ambaci mai masaki da mai shantu. A ajiye kwafi a gida, a miƙa wani ga masu nazarin Hausa a Jami'ar Tarayya ta Gusau, domin irin wannan tattarawa ce Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya daɗe yana yi wa makaɗan Hausa.

A fara da tsofaffin da rashin tsaro ya taso daga ƙauyuka suka tare a Gusau. Da yawansu sun baro ƙorensu a baya, kuma jikokinsu ba su riski bukukuwan da ake rera waƙoƙin ba. A je musu da masaki da ruwa, a zauna a ɗauka.