Wayarmu Ta Yi Nawa, Ina Ciwon Yake?

Kwanan baya wayar gidanmu ta soma nawa. In aka taɓa ta sai ta yi jim kafin ta amsa, wani lokaci kuma ta sandare ana tsakiyar aika kuɗi. Muka kai wa mai gyara, bai ko duba ba ya ce sai an yi mata filashin, wato a share dukan abin da ke ciki. To, a ciki akwai hotunan marigayiya kakar yara, da lambobin 'yan'uwa na shekara da shekaru. Muka ce ya dakata, muka komo gida da abinmu, muka shiga bincike ɗaya bayan ɗaya.

Da fari sai a rarrabe tsakanin laifin waya da laifin sabis. A buɗe abin lissafi ko hotuna, waɗanda ba su bukatar intanet. In sun buɗe nan da nan, to, waya lafiya take, sabis ne ya yi rauni. In su ma suna nawa, a kashe ta ɗungum a sake kunnawa. Wannan kaɗai yakan warkar da wata.

Daga nan sai a duba rumbun ajiya, gama a nan ciwon ya fi yawa. Waya tana bukatar fili da za ta riƙa ajiye abin aikinta na ɗan lokaci, kamar yadda uwargida ke bukatar wurin juyawa a madafi. Tamu mai gigabait 32 ce, abin da ya rage bai kai ɗaya ba. Mai laifi kuwa WhatsApp ne. Kowace gaisuwar safiya mai furanni, da kowane bidiyon biki da aka turo a rukuni, duk suna nan kwance. Cikin saitinsa akwai wurin kula da ajiya, inda yake ware abubuwan da suka wuce megabait 5 da waɗanda aka yi ta turawa. Muka share, muka kuma hana shi sauko da bidiyo da kansa. Amma fa mu yi hankali da manhajojin nan da ke alkawarin wanke waya, yawancinsu talla suke ƙara mata.

In nawar ta soma bayan da aka sa wata sabuwar manhaja, a cire ta a gani. Wayoyin Android suna da wani hali da suke rubutawa Safe mode, inda manhajojin da muka sa da hannunmu ba su aiki. In ta warware a nan, an san ɗaya daga cikinsu ce. Katin memori na jabu ma yakan sa waya maƙalewa, a zare shi a gwada.

Sai batir. Batir yana tsufa da yawan caji, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Waya in ta yi zafi takan rage gudu da kanta don kada ta lalace. A Disamba 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage gudun waɗansu iPhone masu gajiyayyen batir domin kada su riƙa mutuwa farat ɗaya, har Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu saye ba. Saboda haka in waya tana mutuwa alhali da sauran caji, batir za a sake, ba waya ba. In kuwa bayanta ya kumbura, a daina yi mata caji nan take, gama tana iya kama wuta.

Filashin yana da ranarsa, amma shi ne na ƙarshe, bayan an kwashe hotuna da lambobi zuwa kwamfuta ko wata wayar. Tamu dai ba ta kai ga haka ba, hotunan kaka suna nan.