A Bar Yaro Mai Ciwon Sukari Ya Fita

A makarantunmu na firamare, daga Shinkafi har Zurmi da Kaura Namoda, akwai wata doka wadda ba a rubuta ba: in malami ya shiga aji, ba mai fita sai an kaɗa ƙararrawar tara. Ba mu ce dokar banza ce ba, don mun san wayon yara. Amma akwai yaron da ta ke zalunta, watau mai ciwon sukari.

Mutane da yawa suna tsammani wannan ciwo na dattawa ne da masu ƙiba. Ba haka ba ne. Akwai irin wanda ke kama yara, inda jiki kan daina yin sinadarin insulin, sai sukari ya taru cikin jini. In ya haura wajen 180 a ma'aunin likita, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta zubar da shi cikin fitsari, shi kuwa ya jawo ruwan jiki ya fita da shi. Abin da ke kawo yawan fitsari da ƙishirwa ke nan, har a ga kiyashi na taruwa inda yaron ya tsuguna. Tun 1922, da aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar insulin a birnin Toronto na Kanada, irin waɗannan yara ke rayuwa su yi karatu kamar kowa.

To, in malami ya hana shi fita fa? Ko dai ya jiƙa wandonsa a gaban 'yan'uwansa, kunya ta raba shi da makaranta, ko kuwa ya daina shan ruwa don kada ya sake tambaya. Na biyun ya fi muni. A zafin bazara na ƙasar nan, yaron da sukarinsa ya hau, sa'an nan ya ƙi ruwa, yana iya galabaita har ya suma.

Har wa yau, in an ce ya fita, ina za shi? Wata makarantar ba ta da makewayi, wata tana da shi amma mabuɗin na aljihun hedimasta. Da can yara kan zaga gonar baya. Tun da aka kwashe 'yan mata a makarantar Jangebe cikin Fabrairun 2021, ba uban da zai yarda ɗansa ya bar shinge shi kaɗai, balle 'yarsa. A 2022 aka shaida Jihar Jigawa ta rabu da bahaya a fili. Ashe abin mai yiwuwa ne.

Muna roƙon hukumar ilmin firamare ta Jihar Zamfara ta sa a haƙa masai cikin harabar kowace makaranta, a bar shi buɗe. Kafin nan akwai abin da ba ya cin ko kwabo. Uba ya karɓo takardar likita daga asibiti ya kai wa hedimasta. A zaunar da yaron kusa da ƙofa da goran ruwansa, ya tashi ba sai ya ɗaga hannu ba. In kuwa aka ga yana rawar jiki da gumi, alamar sukarin ya faɗi ne: a ba shi abu mai zaƙi nan take, kada kuma a bar shi ya fita ba ɗan rakiya.