GYANGYAƊI A WAJEN KARATU: LAIFIN WA?

'Yan'uwa, sau da yawa idan ɗalibi ya yi gyangyaɗi a zaman karatun bayan Asuba, ko ya kasa riƙe abin da malam ya biya masa, sai mu yanke masa hukuncin lalaci. A ganinmu, kafin a yanke wannan hukunci wajibi ne a tambaya: ƙarfe nawa ya kwanta?

Likitoci sun tabbatar cewa babba yana buƙatar barcin sa'a 7 ko fiye, matashi kuwa 8 zuwa 10. A Kano alfijir yakan keto ne wajen ƙarfe 5. Ashe wanda ya kwanta ƙarfe 12 sa'a 5 kawai ya samu. Amma ga shi mu da kanmu mukan sanar da wa'azi bayan Isha'i, ba za a fara ba sai ƙarfe 10, a tashi tsakar dare, lasifika kuma ta hana maƙwabta runtsawa, har da marasa lafiya. Kashegari mu zo muna faɗa da masu makara!

Sai shayi da goro. Sinadarin kafeyin da ke cikinsu, bayan kimanin sa'a 5 rabinsa yana nan a jiki. Kofin da aka sha a teburin mai shayi ƙarfe 9 na dare bai gama aikinsa ba har ƙarfe 2.

Wayar hannu kuwa ta fi su ɓarna. Kowa cewa yake yana ajiye ta kusa da matashin kai ne domin ta tashe shi salla, alhali ita ce ta hana shi kwanciya. Agogo mai ƙararrawa yana nan a kasuwa. A saya, a ajiye shi nesa da gado yadda sai an miƙe za a kashe shi, waya ta kwana a wani ɗaki.

Ƙailula ta minti 20 zuwa 30 tana dawo da hankali. In ta zarce haka, kasala take sawa. Mai muraja'a ya yi minti 25, ya huta 5, abin da ya faɗo masa a rai ya rubuta a takarda maimakon ya tashi binsa. Yaron da yake samun isasshen barci amma har yanzu hankalinsa ba ya tsayawa, likita ya kamata a kai shi, a ajiye bulala.

Muna kira ga kwamitocin shirya wa'azi da su riƙa rubuta lokacin tashi a takardar sanarwa, kamar yadda suke rubuta lokacin farawa. Wassalam.