Starlet ba ta tashi ritaya ba

Wani marubuci ya ce tsofaffin ƙananan motoci irin Toyota Starlet sun gama zamaninsu, wai kamata ya yi a kai su wajen 'yan gwangwan, tunda ba su da ƙarfi kuma ba su da kariyar zamani.

Maganar kariya gaskiya ce. Ta ƙarfi kuwa, da wane ma'auni ya auna? Starlet ba ta kai tan ɗaya ba, shi ya sa injinta mai lita 1.3 ke fizgarta ba wahala. Samfurin Glanza V na 1996, mai turbo, har yau masu sha'awar gudu a Japan da Ingila na nemansa.

Kuma marubucin ya taɓa shiga Illela ranar kasuwa? Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, direban da ke zirga-zirga tsakanin Sakkwato da bakin iyakar Konni, shan mai yake fara tambaya kafin launin fenti. Bakanike a gindin bishiya zai kwance injin Starlet ya ɗaure, ba sai an kawo kwamfuta ba.

Toyota ta daina ƙera tsohuwar Starlet a 1999. Mai shawarar a jefar da ita ya fara faɗa wa direba kuɗin sabuwa.