Zare: Gidan kallon ƙwallo na kwana a kulle, mu kuma muna jiran Kannywood

1/ Jama'a, yau da mutanen gida nake, 'yan Sabon Birni da Isa. Kullum kukanmu ɗaya: ba mai faɗin labarinmu, Kannywood ta yi biris da mu, 'yan jarida ba su tuna sunan garinmu sai an yi jana'iza. Duk gaskiya ne. To amma wa ya taɓa cire ko naira 100 a cikinmu don ya kalli sabon wasan kwaikwayo da ɗan garinsu ya tsara? Zaren na da tsawo, a yi haƙuri.

2/ Bari in ɗan kai ku Landan, yanzu za mu dawo. Can akwai manyan gidajen wasa na West End, tikitinsu sai mai hali. Amma yawancin sabbin marubuta ba nan suke farawa ba. A ɗakin baya ko benen mashaya suke farawa. King's Head ta unguwar Islington ta soma a 1970, a ɗakin da a da ake dambe a ciki. Finborough kujerunta 50 kacal.

3/ Akwai wani wasan barkwanci, The Play That Goes Wrong. A 2012 aka fara nuna shi a benen mashayar Old Red Lion. Zuwa 2014 ya shiga West End, 2017 ya kai Broadway a Amurka. Waɗanda suka fara kallonsa ba su san zai shahara ba. Kuɗinsu suka biya, suka zauna a matse, suka kalli abin da ba wanda ya taɓa yi musu tallarsa.

4/ Kafin wani ya ce "ɗan boko zai kawo mana mashaya", tsaya ka ji. Ba giyar ke yin aikin ba. Abin da ke yin aikin shi ne: ɗaki ne da ke da rufi da kujeru tun asali, mutane sun saba zuwa, hayarsa ba tsada. In wasan ya faɗi, asarar kaɗan ce, gobe a gyara. In ya yi kyau, baki ne zai yi masa talla.

5/ To ku gaya min, wane ɗaki ne a Isa ko Sabon Birni yake da benci, da janareto ko sola, da mai karɓar kuɗi a bakin ƙofa, kuma samari sun san hanyarsa ko a duhu? Gidan kallon ƙwallo mana. Ranar Asabar da Lahadi ba masaka tsinke. Ranar da ba wasa kuwa, kwaɗo ne a ƙofa, awaki na kwance a inuwarsa.

6/ Masu cewa sai gwamnati ta gina mana babban ɗakin wasa, don Allah ku tuna 2016. An ce za a gina ƙauyen fim a Kofa ta jihar Kano, naira biliyan 3. Aka yi ta cece-ku-ce, aka soke. Wannan fa Kano ke nan. Ku kuma kuna jiran a kawo muku Isa? A garin da hanyar zuwa kanta sai da addu'a?

7/ Ita Kannywood ɗin da muke wa kallon daga sama ta faɗo, daga ina ta fito? Daga ƙungiyoyin wasan daɓe na unguwanni. Turmin Danya, 1990, aikin ƙungiyar Tumbin Giwa ne. Samari ne da suka shekara suna wasa a gaban mutane ido da ido kafin su riƙe kyamara. Mun ga reshe mun manta saiwa.

8/ Kuma mu Gobirawa ya kamata mu fi kowa jin kunya, don Maraɗi ta fi kusa da mu a kan Sakkwato. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, samariya na shirya wasanni unguwa-unguwa, ana gasa har a kai bikin matasa na ƙasa. Ku tambayi iyayenku Yazi Dogo da 'yan wasan Damagaram. Da Hausa suke yi, a kan rashawa, auren dole, cin rani.

9/ Amma kar a ɗauka komai na wancan tsarin nake yabo. Gwamnatin soja ce ke riƙe da linzami, akwai iyakar da ɗan wasa ba ya tsallakewa. Shi ya sa na fi son ɗan ƙaramin ɗaki da 'yan kallo ke biya da aljihunsu. Wanda ya saya maka janareto shi zai gaya maka inda za ka yi shiru.

10/ Yanzu ga babbar maganar, na san tana zuwa: "Ana kashe mu kana zancen wasa?" Ba ni za a tuna wa ba. Mayun 2020, sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. Disamban 2021, matafiya da aka ƙona cikin mota a kusa da Gidan Bawa. Agustan 2024, Sarkin Gobir na Gatawa, Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, bayan duniya ta ga bidiyonsa yana roƙo.

11/ Duk wannan ya shiga labarai, an yi Allah wadai, an wuce. Abin da bai taɓa shiga labarai ba shi ne abin da ke biyo baya cikin gida. Magidancin da ya sayar da gonar gado ya biya fansar ƙanensa, yanzu ba su ga maciji da juna. Matar da aka sako, kishiya da maƙwabta na mata kallon da ya fi dajin ciwo. Mai garin da zai tara harajin 'yan bindiga gida-gida kafin a bar mutane su yi girbi: azzalumi ne ko mai ceto? Bafulatanin da aka yi shekara 30 ana cin kasuwa da shi, yau ba ya iya shigowa gari.

12/ Wannan ba ya shiga rahoton minti biyu. Ba ya shiga bidiyon TikTok na daƙiƙa 40 da ake sa sautin dariya a ƙarshe. Kuma furodusan da ke Zoo Road a Kano ba zai zuba miliyoyinsa a kai ba, shi ma kasuwa yake dubawa, ban ga laifinsa ba. Amma mutum biyar da tabarma da rawani ɗaya za su iya yin sa cikin minti 40, a gaban mutum 40 da kowannensu ya san wani da abin ya faru da shi.

13/ Bambancin ke nan da waya. A waya kai kaɗai kake kallo, ka share hawaye ka wuce na gaba. A ɗaki kuwa, in ɗan wasa ya faɗi ƙarya, nan take wani daga baya zai ce "kai, ba haka akan yi ba!" In ya faɗi gaskiya, za ka ji ɗakin ya yi tsit, ka san ba kai kaɗai ke ɗauke da abin ba. A fito a tsaya wurin mai shayi a ci gaba da gardama.

14/ Af, kun manta 2021 da aka datse layukan waya a ƙananan hukumominmu? Ina TikTok ɗin ya shiga a lokacin?

15/ Batun tsaro na gaskiya ne, ba zan raina shi ba. Akwai infoma, kuma taron dare ganganci ne. To a yi bayan la'asar, a tashi kafin magariba, a cikin gari, da sanin masu unguwa. Kuma ba sai an kama sunan kowa ba. Ai mu ne masu tashe. Yaro ya manna gemun auduga ya kwaikwayi tsoho, kowa ya gane wanda ake nufi, ba wanda zai kai ƙara. Habaici gadonmu ne, yanzu ne ma ranarsa.

16/ Masu cewa wasan kwaikwayo iskanci ne, ku yi min bayanin Malam Aminu Kano, mai tafsiri, da ya riƙa rubuta wasanni yana sukar zaluncin masu mulki tun yana saurayi. Ku yi min bayanin Abubakar Tunau da Wasan Marafa, 1949, wanda aka yi ta karantarwa a makarantu. Iskanci na cikin abin da aka zuba a wasan. In an ga rawar banza a hana rawar banza.

17/ Abu guda da gidan kallo bai warware ba: mata ba su shiga. Kuma rabin labarin nan nasu ne, wataƙila ma fiye. Nasu sai a nemi aji a makaranta ranar da ba karatu, ko tsakar gida mai faɗi, 'yan mata su yi wa mata. Duk tsarin da ya bar su a waje, labarin maza kawai zai ba mu.

18/ Mu 'yan jami'a ma mu taɓa kanmu. Mun haddace Uwar Gulma da Jatau Na Kyallu don jarrabawa, mu zayyana jigo da salo da warwarar jigo, amma da yawanmu ba mu taɓa ganin an taka ko fitowa ɗaya a daɓe ba. A Zariya tun shekarun 1970 aka gina dandalin wasa da jar ƙasa a ABU, ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Bomo suna shirya wasa tare da manoma. Mu in an yi hutu mun koma gida, sai caji da data.

19/ Kuma in an yi, don Allah a je, a biya. Ban da "ai ɗan unguwarmu ne, bari in leƙa ta taga". Na farkon zai iya zama shirme, wani zai manta maganarsa, janareto zai mutu a tsakiya. Ai kun sha biyan kuɗi ku kalli Man U ana lallasa ta, ba wanda ya ce a mayar masa da kuɗinsa.

20/ Firimiya na ƙarewa a watan Mayu, ba ta dawowa sai Agusta. Masu gidajen kallo suna nan suna hamma, haya na cin su. Wanda ke da labari a cikin waya ko bayan littafin lakca, ya je ya tambayi mai gidan kallon unguwarsu nawa zai karɓa na yammacin Laraba ɗaya.