Kuɗin Jirgi Ba Almubazzaranci Ba Ne

Wasu masu riƙe da lalitar jami'o'i suna ganin ba ɗalibi kuɗin jirgi don ya je nazarin Kazi Nazrul Islam, mawaƙin ƙasa na Bangaladash, yawon buɗe ido ne kawai. Wai ga littattafai, ga intanet. Mu kam ba mu yarda ba!

An haifi bawan Allahn nan a ƙauyen Churulia na Indiya a 1899. Turawan mulki suka ɗaure shi a 1923 saboda waƙa. Ciwo ya ɗauke masa magana a 1942, haka ya zauna shekara 34 har ya rasu a Dhaka a 1976. To wa zai yi magana a madadinsa, in ba takardunsa da ke Cibiyar Nazrul ta Dhaka ba, da tsofaffin fayafayan garmaho, da mawaƙan da ke rera waƙoƙinsa har yau? Waƙar da aka yi don kunne ba ta ganuwa a takarda. A tambayi duk wanda ya taɓa nazarin Shata.

Gani ya kori ji. A ba ɗalibai guzuri su je, ko kuwa a daina yi mana kukan kwafe-kwafe a kundayen digiri.